Hali da Yanayin Aiki: Tasirinsu ga Lafiyar Ɗan Adam

An daɗe ana zaton cewa manyan shugabanni, waɗanda nauyin jama'a ke wuyansu, su ne ciwon zuciya ya fi kamawa. Wani bincike da aka soma a birnin Landan a shekarar 1967 ya nuna akasin haka. An bi diddigin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000, sai aka tarar yawan mace-mace tsakanin masinjoji da masu tsaron ƙofa ya ninka na manyan jami'ai wajen sau uku. Shan taba da hawan jini da ƙiba ba su isa su bayyana wannan tazara duka ba.

Kashi na biyu na binciken, wanda Farfesa Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya gano wani babban dalili, wato rashin ta cewa a bakin aiki. Ma'aikacin da kullum sai dai a umarce shi, ba shi da ikon tsara aikinsa, ya fi shiga haɗarin ciwon zuciya da ƙuncin rai.

Yaya hakan ke faruwa? Idan mutum ya shiga matsi, wasu halittu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadaran adiranalin da kotisol cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru. Wannan shiri ne na tserewa daga haɗari na ɗan lokaci. Amma idan matsin ya ɗore wata da watanni, sai jijiyoyin jini su lalace, barci ya gagara.

Hali ma yana da nasa rabon. A 1959 likitocin zuciya biyu a Amurka, Friedman da Rosenman, suka danganta ciwon zuciya da mutane masu gaggawa da son gasa. Daga baya bincike ya nuna cewa saurin fushi da riƙo ne suka fi yin illa.

Tsawon lokacin aiki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 suka rasu sakamakon ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, saboda aikin awa 55 ko fiye a mako.

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne, amma danne fushi abu ne da ake koya. Haka kuma shugaban da ya bai wa na ƙasa da shi damar shawara da hutu, lafiyarsu ya kare.