Gine-gine Uku da Baƙon Ahaggar Ya Bari

Da yawa daga cikinmu mun shekara goma ko fiye a Tamanrasset, muna wucewa ta gaban tsohuwar ganuwar ƙasa da ake kira Borj, ba mu taɓa tambayar wanda ya gina ta ba. To, waiwaye adon tafiya. A wannan wata za mu leƙa gine-gine uku da wani malamin Kirista, Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, ya bari a ƙasar Ahaggar.

An haifi Foucauld a birnin Strasbourg a 1858. Ya yi aikin soja, ya kuma yi sharholiya son ransa. Tafiyar da ya yi cikin Maroko daga 1883 zuwa 1884 tana cikin abubuwan da suka juya shi, domin ganin yadda Musulmi ke tsai da salla ya sa ya fara tunanin Allah. Daga baya ya shiga zuhudu, aka naɗa shi fada a 1901.

Ya iso nan a watan Agusta na 1905, da yardar Musa ag Amastan, amenokal, wato sarkin Abzinawan Ahaggar. A lokacin garin bai wuce gidaje kamar 20 ba. Ya gina ɗaki na dutse da ƙasa, tsawonsa mita 6, faɗinsa bai kai mita 2 ba, rabi wurin ibada, rabi wurin kwana da rubutu. Saboda tsawonsa da matsinsa ake ce masa La Frégate, sunan wani irin jirgin ruwa. Ana lissafa shi a matsayin ginin dutse na farko a garin nan.

A cikin wannan ɗaki ne ciwo ya kwantar da shi a farkon 1908, bayan fari ya ci ƙasar. Abzinawa, waɗanda su ma yunwa ta taɓa, suka bi rugage suna neman nonon awaki har ya farfaɗo. Wanda ya zo da niyyar bayarwa, sai ga shi yana karɓa.

Gini na biyu yana kan dutsen Assekrem, kimanin kilomita 80 daga gari, a tudu mai tsayin fiye da mita 2,700. Can ya yi ɗakin kaɗaita, ya zauna wata biyar kacal a 1911, sanyi da ƙarancin abinci suka sauko da shi. A 1955 'yan zuhudu masu bin tafarkinsa suka hau suka zauna kusa da ɗakin. Duk wanda ya ga fitowar rana daga can ya san dalilin da baƙi ke jure wahalar hanyar.

Na ukun shi ne Borj, wanda ya koma cikinsa a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don mutanen gari su sami mafaka daga mahara. A bakin ƙofarsa aka harbe shi ran 1 ga Disamba, 1916. A cikin watan nan ne kuma Kawsan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, yaƙin da kakannin wasunmu suka gani da idonsu. Kabarin Foucauld ba a nan yake ba, tun 1929 aka mai da gawarsa El Meniaa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Mutumin nan abokin Laperrine ne, hafsan sojan Faransa, ya goyi bayan mulkin ƙasarsa a Sahara, kuma an ajiye bindigogi a Borj. Shi ya sa 'yan Aljeriya da dama ke kallonsa da ayar tambaya. Amma kuma shi ne ya yi tir da bauta, ya rubuta ƙamus na Tamahak da Faransanci mai fiye da shafi 2,000, ya tattara baitocin waƙoƙin Abzinawa kusan 6,000. Bai mai da Ba'abzine ko ɗaya Kirista ba. A ran 15 ga Mayu, 2022, marigayi Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Cocin Katolika.

Mu da muka baro Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Kano, baƙi ne a nan kamar yadda ya zo baƙo. Ba mu ce kowa ya bi addininsa ko siyasarsa ba. Amma ya koyi harshen masu gida har ya rubuta shi. Mu nawa ne za mu iya gaisuwa cikakkiya da Tamahak? 'Ya'yanmu kuwa, waɗanda aka haifa nan suna karatu da Larabci, nawa ne ke iya rubuta Hausa?

Ranar hutu, a kama hannun yara a kai su su ga Borj, a ba su labarin da daɗinsa da ɗacinsa. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabta, amin.