Dutse Mai Aman Wuta Yakan Kumbura Kafin Ya Fashe

Duk wanda ya taɓa noman doya ya san yadda ƙasa take tsagewa a bakin tudu sa'ad da doya ta ƙosa a ciki. Manomi bai ga doyar ba, amma daga tsagar yakan gane girmanta. To, haka masana suke yi da duwatsu masu aman wuta. Sa'ad da narkakken dutse ya taru a ƙarƙashi, ƙasar da ke bisa takan kumbura. Wani lokaci kumburin bai fi faɗin yatsa ba, sai na'ura ko tauraron ɗan Adam ke iya ganinsa. Wani lokaci kuwa ido ma ya isa. A 1980 gefen dutsen Sant Helen a Amurka ya yi ta bunƙasa fiye da mita ɗaya kowace rana, har ya fashe ran 18 ga Mayu, mutum 57 suka rasu.

A 1958 wani masani ɗan Japan, Kiyoo Mogi, ya fitar da lissafin da ake gane zurfin narkakken dutsen da yawansa daga kumburin ƙasa. Lissafin yana da sauƙi, har yau ana amfani da shi. Sai dai ya ɗauka ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Ina kuwa dutse mai tsawon sama da mita 3,300 kamar Etna na Italiya, ina tabarma?

Ga inda matsalar take. Wanda ke tsaye a ƙwanƙolin dutse ya fi nisa da narkakken dutsen a kan wanda ke gangare, don haka ƙwanƙolin ba ya motsi yadda lissafin ya zata. A 1998 masana biyu a Faransa, Cayol da Cornet, suka zuba siffar dutse a kwamfuta, suka nuna cewa idan gangaren ya yi tsaye sosai, mai bin tsohon lissafi zai yi kuskure babba wajen kimanta yawan abin da ke ƙasa. Yanzu akan fara auna tuddai da kwaruruka na dutsen, sa'an nan a yi lissafi.

Kada mu ce wannan zancen 'yan boko ne kawai. A birnin Goma na Kongo, gindin dutsen Nyiragongo, akwai 'yan'uwanmu cikin Almasihu masu ɗimbin yawa, mu riƙa tunawa da su cikin addu'ar iyali. A Janairu 2002 narkakken dutse ya ratsa tsakiyar birnin. A Mayu 2021 dutsen ya sāke amai, ƙasa ta yi ta girgiza tana tsagewa a cikin gari. Da masana suka ga alamar narkakken dutse ya kutsa ƙarƙashin birnin, hukuma ta ba da umarni a tashi. Dubban ɗaruruwan mutane suka ɗauki yara da katifu a kā suka bar gidajensu. A ƙarshe wutar ba ta ɓullo cikin gari ba, suka komo bayan kwanaki.