Rashin Barci da Kwaɗayin Lada a Wurin Ɓeraye

Masana halayyar dabbobi suna da wata dabara ta auna kwaɗayi. Sukan sa ɓera a cikin akwati mai ɗan maɓalli. In ya danna, ƙwayar sukari ta faɗo masa. Daga nan sai a riƙa tsawwala farashin, watau kowace ƙwaya sai ya yi danni fiye da na baya kafin ya same ta. Inda ya haƙura ya bar maɓallin, nan ne iyakar kwaɗayinsa. Tambayarmu a wannan maƙala ita ce: me rashin barci ke yi wa wannan iyaka?

A 1983 Allan Rechtschaffen na Jami'ar Chicago da ke Amurka ya hana ɓeraye barci ta hanyar ɗora su kan faifai mai juyawa bisa ruwa. Binciken da ya ci gaba da yi ya nuna suna ƙara ci amma suna ramewa, har su mutu cikin 'yan makonni. Mai karatu zai yi zaton dabbar da ke ci haka za ta fi kowa naci a kan maɓalli.

To, ba haka aka samu ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka hana ɓeraye barcin mafarki na kwanaki. Sukan tsayar da su kan 'yan dakalai a tsakiyar ruwa, da zarar jiki ya saki sai su zame su farka. Waɗannan ɓeraye sun fi saurin haƙura da maɓallin, ga kuwa rama a jikinsu.

Amma a 2016, a Jami'ar Pittsburgh, an hana ƙananan ɓeraye barci na awa 6 kacal, sai neman sukarinsu ya ƙaru, alhali cin abincinsu na kullum bai canja ba. An gano cewa saƙon da goshin ƙwaƙwalwa ke aika wa cibiyar lada, wanda shi ne linzamin kwaɗayi, ya yi rauni.

A ganina ba lalle ne sakamakon biyu su yi karo ba. Awa 6 takan sassauta linzami ne kawai. Kwanaki kan dakali kuwa sun haɗa da jiƙewa da fargaba da gajiya, kuma dabarar ba ta iya raba wahalar ruwan da ta rashin barcin.