Wanda Ya Kalli Fim, Ya Karanta Littafin Ke Nan?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata, wata ɗalibata ce a Islamiyyarmu nan Maradun, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta kusa sauke Alƙur'ani. Na miƙa mata Magana Jari Ce ta karanta a hutu, sai ta ce, "Malama, ai na gani a wayar Babanmu." Wato tsohon wasan da gidan talabijin na NTA Kaduna ya shirya a shekarun 1980 take nufi. Na ce to, ba ni labarin dalilin da ya sa aku yake ta zuba labari dare bayan dare. Shiru. Ta san kayan da Waziri ya sa, amma ba ta san abin da akun yake karewa ba.

Ke da kika karanta kin sani. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma yana ƙulla makirci. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ashe kowane labari katanga ce tsakanin yaro da halaka. Wanda ya tsinci labaran ɗai-ɗai a waya ya sha dariya, amma igiyar da ta ɗaure su ta wuce shi.

Kada ki ɗauka ina zargin masu fim ne. Shi kansa Alhaji Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa, da ya zauna a Zariya ya rubuta littafin nan mai juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ba duka ya ƙago ba. Ya ɗebo daga Alfu Laila, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Indiya da na Jamus, ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da rawani, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Sauya wa labari gida tsohuwar sana'a ce. Tambayar ita ce, me ke zubewa a hanya?

Ɗauki Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya cuci wancan, gobe a rama, har tafiya ta kai shi ƙasar aljannu. Lokacin da nake yarinya, yayata ke karanta mana shi a tsakar gida da fitilar ƙwai. Aljanin da na gani a raina ya fi madatsar ruwan Bakolori tsawo, don ita ce abu mafi girma da na taɓa gani. Na ƙanwata kuwa ɗan mitsitsi ne mai jajayen idanu. Mu shida a tabarma, aljannu shida. Mai fim ba shi da wannan dama. Dole ya zaɓi mutum ɗaya ya shafa masa toka, ya ta da hayaƙi, kuma daga ranar duk yaron da ya kalla aljani ɗaya gare shi, na darakta. Sannan rabin daɗin littafin a bakin mai ba da labari yake, yadda yake shara ƙarya ba ko ƙifta ido. Kyamara fuska take ɗauka, wannan gishirin sai a takarda.

Turawa ma da kuɗinsu da kwamfutocinsu ba su tsira ba. Littattafan Harry Potter bakwai ne, aka yi fim takwas daga 2001 zuwa 2011, duk da haka sai da aka yi ta yanka. Na biyar ya haura shafi 700, fim ɗinsa bai kai awa biyu da rabi ba. A The Lord of the Rings na Tolkien, darakta Peter Jackson ya cire wani Tom Bombadil ɗungurungum, masoya littafin suka yi ta ƙorafi. (Waɗannan, saboda sihirin da ke ciki, ni dai ba na barin yara da su sai ina zaune kusa muna magana.)

Yankewa ma da sauƙi a kan ƙari. A shekarun 1990 da aka fara mai da littattafan Kano fim, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, mata da yawa sun sayi kaset saboda sun yarda da littafin. Amma littafi mutum ɗaya ya rubuta, fim kuwa hannu da yawa, kuma mai zuba kuɗi kasuwa yake kallo. Kasuwar nan, tun da ta ɗanɗani waƙa irin ta Indiya, ba ta son fim sai da ita. Don haka in kin san littafi tsaf, kada ki ce kin san fim ɗinsa, ki kunna wa yara ki shige kicin. Ki fara kalla ke kaɗai.

Ɗalibar tawa dai na ce ta karanta labarin dare uku kawai, ta dawo mu yi magana. Ranar Asabar sai ga ta da littafin a cikin hijabi, ta wuce dare goma, tana neman juzu'i na biyu. Nawa kuwa wata maƙwabciya ta ara tun bara. Na ba direban da ke zuwa Talata Mafara kuɗi ya duba mana a kasuwa, in babu sai Gusau.