Ƙaro da Sauran Mahaɗan Mai da Ruwa Cikin Kayan Shafe-shafe

Sanin kowa ne cewa mai da ruwa ba sa gauraya. In an zuba man gyaɗa cikin ƙwaryar ruwa aka kaɗa, da an bari sai man ya taso ya kwanta a sama. Amma kuwa yawancin mayukan shafawa masu laushi da ake sayarwa a kasuwanninmu mai ne da ruwa a haɗe. Abin da ke riƙe da su wani sinadari ne wanda a wannan takarda za mu kira mahaɗi.

Yadda Mahaɗi Ke Aiki

Kowane ƙwayar mahaɗi tana da ɓangare biyu: ɗaya na son mai, ɗaya na son ruwa. Idan aka kaɗa, man yakan farfashe ya zama ƙananan ɗige-ɗige, mahaɗin ya lulluɓe kowane ɗigo, ya hana shi komawa ya haɗu da 'yan'uwansa. Madarar shanu misali ce a fili: kitse ne warwatse cikin ruwa, shi ya sa sai an kaɗa nono sosai kafin man shanu ya fito.

Da yawa daga cikin mahaɗan da masana'antu ke amfani da su daga man fetur ake sarrafa su. Masu saye a ƙasashen Turai da Amurka kuwa suna ƙara neman waɗanda aka samo daga tsirrai, domin ana iya sake shuka su, kuma suna ruɓewa idan sun shiga ƙasa ko kogi.

Ire-iren Mahaɗan

Akwai lesitin, wanda ake samu a gwaiduwar ƙwai da waken soya. Akwai kakin zuma, wanda ke sa mai ya yi kauri, ko da yake shi kaɗai ba ya riƙe ruwa da mai na tsawon lokaci. Sa'an nan ga ƙaro, wanda Allah ya hore wa ƙasarmu.

Ƙaro mafi daraja daga itacen ɗakwara yake fitowa, na biye da shi daga dushe. A cikinsa akwai ɗan furotin da ke manne wa ɗigon mai, yayin da sauran jikinsa ke bazuwa cikin ruwa. Ƙasar Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, sai Chadi da Nijeriya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a shekarar 2023 ya dagula cinikinsa, ya kuma sa masu saye neman wasu kasuwanni. A nan gida ana samunsa musamman a jihohin Borno da Yobe da Jigawa, kuma Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya tana da reshen binciken ƙaro a Gashuwa. Ɗakwara tana jure fari, tana riƙe ƙasa, tana ƙara mata taki, saboda haka tana cikin itatuwan da ake shukawa don tare hamada.

Abin Lura ga Jama'a

Manomi ya tsaga bawon ɗakwara da rani, bayan ganye ya fara zuba, kuma kada ya zurfafa har cikin itacen, domin mummunan sara na iya kashe bishiyar da aka yi shekara 4 ko 5 ana jiranta. A shanya ƙaro a inuwa bisa tabarma mai tsabta, a tsince bawo da yashi, kada a gauraya na ɗakwara da na dushe, gama gauraye yana karya farashi.

Masu haɗa man shafawa a gida da man kaɗanya su sani cewa duk man da aka sa wa ruwa yana iya yin funfuna, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, ko da kuwa kayan haɗin duka na tsirrai ne. Dole a sa maganin hana lalacewa, a yi aiki da tafasasshen ruwa da kwano mai tsabta. Wanda zai sayar kuwa, wajibi ne ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Mai saye ya duba lambar rajista da ranar ƙarewar aiki, in ya ga man ya rabu biyu ko ya sāke wari, ya zubar da shi.