Masu tare wutar daji ba sa fitowa a hoto

Da an kai amfanin gona gida hunturu ya kankama, dajin da ke tsakanin Masama da Gwandu har zuwa Kalgo yakan bushe ƙamas. Iska na kaɗawa daga arewa maso gabas, karan gero da na dawa na jibge a gonaki. Ashana ɗaya ta isa. Wani lokaci 'yan farauta ne ke cinna wuta don su koro gafiya da zomo, wani lokaci manomi ne ke ƙona sharar gona iska ta ƙwace masa.

Yanzu kuwa kafin a kawo guga, an ɗaga waya. Abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook bai wuce harshen wuta da baƙin hayaƙi ba. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ita wutar ai har daga sama ana ganinta: tauraron ɗan'adam na Terra da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 1999 yana nuna inda take ci, kuma binciken masana ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake. Abin da tauraro ba ya gani shi ne mutane: samarin da ke bugun wuta da ɗanyen reshen dogon yaro tun kafin 'yan kwana-kwana su ji labari, dattijon da ya sa aka share ciyawa kewaye da rumbuna, mai unguwa da arɗo da ke zama washegari don lissafin hasara. A Nijar, wajen Tawa da Dakwaro, ana biyan mutanen karkara su share dogayen layuka cikin makiyaya don wuta ta rasa abin ci idan ta iso. Aikin ba shi da armashi a ido, amma shi ke tsirar da abincin dabbobi.

Mai son ɗaukar hoton irin waɗannan mutane, kamata ya yi ya tsaya iska na bugun bayansa, a kan filin da ya riga ya ƙone, domin wutar ciyawa na iya shan gaban mai gudu. Ya nemi izini kafin ya ɗauki fuskar wanda rumbunsa ya zama toka.

Sai rubutun ƙarƙashin hoto, inda fitina ta fi kwanciya. A 2019 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya wallafa hoton gobarar dajin Amazon, ashe wanda ya ɗauke shi ya rasu tun 2003. Can abin ya tsaya a surutu. A nan, hoton gona ƙonanniya da aka rubuta wa "makiyaya ne" ba tare da shaida ba na iya haɗa ƙauye da ruga faɗa kafin magariba. A rubuta rana, da wurin, da abin da ido ya gani. Binciken wanda ya cinna aikin hakimi ne da hukuma.