Ranar Da Na Kai Injin Sassaƙar Ƙarfe Garin Maƙera

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya shiga wata na biyu, na kwashi iyalina muka koma gida Gaya, domin zaman birni babu aji ba shi da daɗi. Wata ranar Talata da hantsi wani ɗan ƙanen mahaifina da ke noman rani a yankin Ajingi ya yi sallama, riƙe da wata sandar ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Sandar famfon injin ban-ruwansa ce, wurin da boris yake zama ya cinye, famfon yana ta kaɗawa ba ya jan ruwa. Ya ce da ni: "Yaya, an ce kai ne malamin injuna. Ga ta nan."

Na karɓa na jujjuya ta. Na san cutar, na kuma san maganinta: a cike wurin da walda, a ɗora a kan injin sassaƙa, a rage shi zuwa awon da boris zai zauna daram. Aikin da bai kai sa'a ɗaya ba. Amma ni da digirin digirgir ɗina a fannin injiniya ba ni da abin da zan yi shi da shi, shi kuma ya zaga bai samu mai yi masa a kusa ba. Ya shiga mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 60 zuwa Kano. Ranar farko babu wuta, ta biyu layi ya yi yawa, da ya dawo kuma aka tarar an rage ƙarfen fiye da ƙima, sai da ya sake komawa. Kwana huɗu tumatir bai sha ruwa ba, a zafin bazara. Abin da ya tsira bai kai rabi ba.

Abin ya tsaya mini a rai, har da wani dalili na tarihi. Duk ɗan Gaya ya tashi da labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga nan suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dutsen Dala, kuma ruwayar ta ce sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ne ya bi birnin. Masu binciken kayan tarihi sun gano ragowar matoyar tama a Dala wadda aka ƙiyasta shekarunta zuwa ƙarni na 7 Miladiyya. Muna faɗin wannan da alfahari a duk taron da aka ba mu lasifika. To amma ga jikan waɗannan mutane yana kwana a Kano saboda a rage masa kaurin ƙarfe da abin da bai kai kaurin farce ba. A daren na yanke shawarar cewa ɗakin ajiyar da ke bayan gidanmu zai zama wurin aikin ƙarfe.

Bari in yi wa mai karatu bayanin injinan biyu, domin ko a gidanmu sai da aka yi rashin fahimta. Da na ce zan sayi injin milin, mahaifiyata ta sa albarka, ta ce dama matan unguwa suna shan wahalar kai niƙa. Injin sassaƙa shi ne wanda yake damƙe ƙarfe ya juya shi da gudu, wuƙa tana tsaye tana fere shi, kamar yadda ake fere rake in da raken ne yake juyawa. Da shi ake yin duk abin da yake kewayayye: sanda, bushin, fuli, zaren noti. Shi kuwa milin, wuƙar ce take juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan teburin da ke tafiya gaba da baya da gefe. Da shi ake daidaita fuska, a yanka tsagi, a fitar da haƙoran giya. Tun wajen shekarar 1800 da Henry Maudslay ya kyautata injin yanka zare a Landan, waɗannan injina su ne iyayen sauran injina. Maƙeri yana sarrafa ƙarfe da wuta da masaba, ido ne ma'auninsa. Su kuwa waɗannan suna aiki da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin boris da ya zauna da wanda yake rawa.

Sabon inji ya fi ƙarfin albashin malami, ko da ana biya. Saboda haka na nufi na hannu, wato waɗanda aka kwance daga masana'antun da suka mutu. Duk wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ya san cewa Kano ba ta rasa irin waɗannan gawarwaki ba. Na yi sawu a Ƙofar Ruwa, na je Fanteka a Kaduna har sau biyu. Da ɗan gari akan ci gari, don haka na nemi rakiyar wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin sassaƙa a wata masaƙa kafin a rufe ta. Wannan ita ce dabara ɗaya tak da zan iya yabon kaina da ita a duk wannan lamari.

Injin farko da dillali ya nuna mana yana ta ƙyalli, an shafe shi da sabon koren fenti. Raina ya biya. Dattijon bai ko kalli fentin ba. Ya kawo keken da ke ɗauke da wuƙa kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe, ya ɗan ɗaure shi kaɗan yadda zai iya motsi, sannan ya tura shi zuwa ƙarshen gadon. Bai kai tsakiya ba ya cije. Ya juyo ya ce: "Dakta, ka gani? Nan kusa da baki aka yi shekaru ana aiki, gadon ya lotsa. Duk sandar da ka sassaƙa a nan, kai da gindi ba za su zo ɗaya ba." Na san wannan a littafi, na ma taɓa tambayar ɗalibai a jarrabawa, amma ban taɓa jin sa a hannuna ba. Na ce: "Baba, ai na ga ya fi sauran kyau." Ya ce fenti gwangwani nawa ne, gado kuwa sai an kai inda za a wasa shi, kuma kuɗin ya isa sayen wani injin.

Haka muka bi injina wajen bakwai. Yana ɗora agogon awo a kan sandar tsakiya ya juya ta da hannu ya ga ko allurar tana rawa. Yana buɗe akwatin giya ya haska da tocila yana neman karyayyen haƙori. Yana murɗa hannuwa ya ji tazarar da suke yi kafin teburin ya amsa. Wanda duk mai shi ya ƙi a kunna, ko ya ce babu wuta yau, sai mu wuce. A farkon 2023 muka tsaya a kan wani tsohon Colchester ƙirar Ingila, mummuna, ya yi baƙi da tsohon mai, amma gadonsa lafiya lau.

Duk da haka sai da na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Ranar biyan kuɗi dattijon bai samu zuwa ba. Ya gargaɗe ni in ƙirga ƙananan giyoyin canji da ke zuwa da injin, ni kuwa ɗoki ya sa na karɓi buhun da aka miƙo mini ban zazzage ba. Injin na awon inci ne, kayan da ke hannun manomanmu kuwa, waɗanda galibi daga Sin da Indiya da Japan suke, yawancinsu na awon milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, kuma idan ka raba 254 biyu za ka sami 127, lambar da ba ta ƙara rabuwa. Shi ya sa irin wannan inji yake buƙatar giya mai haƙora 127 kafin ya yanka zaren milimita daidai. Ita ce babu a buhun. Da na koma, dillalin ya rantse bai taɓa ganinta ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Wata biyar na yi ina cigiya.

Ɗauko shi ma wani babi ne. Injin ya haura rabin tan, kuma nauyinsa a sama yake, ga shi siriri, saboda haka abu kaɗan ne zai kifar da shi. A Kano an ɗora shi da sarƙar ɗaga kaya. A Gaya kuwa sai majiya ƙarfi da bututan ƙarfe da muka jera a ƙasa muna gangara shi taku-taku, bayan mun rushe gefen ƙofar zaure. Daɓen ɗakin ma sai da aka fasa aka zuba kankare mai kauri, domin idan ƙasa ta lotsa ta gefe ɗaya, gadon yakan murɗe, lafiyar da aka saye shi dominta ta tafi.

Sai babbar magana, wato wuta. Injinan masana'antu suna aiki da wuta mai layi uku, gidajenmu kuwa layi ɗaya ake ja musu. Ga shi motar lantarkin da ke juya injin, a lokacin tashi, takan ja wuta ninki biyar ko fiye na abin da take ci idan ta kama gudu, shi ya sa janaretan gidanmu ya yi tari ya mutu a gwajin farko. Mafitar da na samu ita ce wata na'ura mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, ta kuma tayar da motar a hankali, amma sai da mai naɗin koyil ya sauya haɗin cikin motar. Ana gama wannan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Lissafin da na yi na kuɗin sa'a guda ta aiki ya rushe a cikin mako ɗaya.

Wanda duk yake da niyyar bin sawuna ya kuma sani cewa kuɗin inji somin-taɓi ne. Wuƙaƙe, bakunan riƙe ƙarfe, ma'aunai, dutsen wasa, matsi, man sanyaya, na sayi waɗannan ɗaya bayan ɗaya har na daina rubutawa don kada uwargida ta ga jimillar. Ita ce dama ta ce kuɗin da na ranto daga ƙungiyar adashin ma'aikata da fili aka saya da yanzu ya ninka. Ban ce ba ta da gaskiya ba.

Game da milin kuwa, na jinkirta, jinkirin ya cuce ni. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma tsohon ƙarfen da ya yi shekara talatin a Kano shi ma farashinsa ya bi dala, ban san ta wace hanya ba. Na ƙare da wani irin samfurin Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, duniya ta yi ta kwaikwayonsa. Nauyinsa ya kusa tan guda. In faɗi gaskiya, cikin ayyuka goma da ake kawo mana, takwas ko tara na injin sassaƙa ne. Milin yakan yi mako a lulluɓe da buhu. Akwai son zuciyar malami a cikin sayensa, kuma da zan sake, da kuɗin na sa a hasken rana.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shafin ra'ayi shi ne tambayar da nake yi wa kaina: me ya sa sai malami ya ci bashi kafin ƙananan hukumomi biyu na manoma su sami wurin gyaran sandar famfo a kusa? Ba a ce ƙasar nan ba ta taɓa tunanin abin ba. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet, har yau ba a kammala ba. A 1980 aka kafa kamfanin ƙera irin waɗannan injina a Osogbo tare da kamfanin HMT na Indiya. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo kayan koyar da fasaha daga Turai aka rarraba wa makarantun sakandare, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malami. Mu 'yan wancan zamani mun zana injin sassaƙa a allo, mun haddace sunayen sassansa, ba mu taɓa jin ƙararsa ba.

Yau kuma idan aka ce tallafin matasa, sai a jera kekunan ɗinki da babura a fili a ɗauki hoto. Ban raina su ba, amma kowane babur da kowane injin casar shinkafa da aka raba, wata rana sai ya nemi mai sassaƙa. Kuɗin babura kaɗan ya isa a kafa wurin aiki guda a Gaya, wani a Ajingi, da wuta mai layi uku, a damƙa wa irin dattijon nan da yara biyar a ƙarƙashinsa, ana biyan kuɗin aiki don wurin ya riƙe kansa. Irinsa suna nan da yawa a Kano tun da masaƙu suka rufe, wasu suna gadi, wasu sun kwanta dama da abin da suka sani. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, tafiyar minti kaɗan, wadda ɗalibanta ke neman wurin koyon aiki a aikace. Mu malamai ma da laifinmu: mun saba auna kanmu da yawan maƙalun da muka buga, ba da abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ba.

Yanzu dattijon yana zuwa kwana uku a mako, da yara biyu, ɗaya ɗan gidan maƙera ne. Dokarsa ta farko ni ta fara kamawa: ba a shiga da babbar riga ko hannu mai lilo, domin injin ba ya tsayawa idan ya kama tufa, da mai tufar yake haɗawa. Ta biyu, mabuɗin baki ba ya kwana a jikin baki ko na daƙiƙa ɗaya. Wata Juma'a na leƙa bayan masallaci da rigata, ya kashe injin ya tsaya yana kallona har sai da na fita.

Bashin bai ƙare ba, saura wata goma sha ɗaya. A makon jiya ɗan'uwan nan nawa ya sake zuwa daga Ajingi, wannan karon da fulin injin casa wanda raminsa ya buɗe. Ya iso da ƙarfe tara, yaron gidan maƙeran ne ya sa masa bushin, dattijon yana tsaye a kansa da ma'auni. Kafin azahar ya ɗaure kayansa a bayan babur. Ya tambayi kuɗin aiki, na faɗa masa, ya ce: "Haba Yaya, har da ni?" Na ce fetur ɗin janareta bai san zumunci ba. Ya biya rabi, ya ce sauran sai an girbe.